Taguwar Mai Tuta

Shekara goma sha ɗaya ina maƙwabtaka da Baba Altine Tela a bakin kasuwar Bodinga, kuma a cikin shekarun nan ban taɓa kallon fim ɗin yaƙi cikin kwanciyar hankali ba. Sunana Bilyaminu, sana'ata tura finafinai a wayoyin mutane. Falle ɗaya na kwano ne ya raba rumfata da tasa. Da zarar na kunna fim a kwamfuta ya ji ƙarar bindiga ko kururuwar mayaƙa, sai ya soke allura a hularsa, ya zagayo da tabarau a karan hanci, ya tsaya a bayana yana huci.

"Tsai da shi nan, Bilya," zai ce. "Dubi hannun wancan. Sawun agogo na. Mutumin da anka ce ya yi zamani da kakan kakanka, shi ad da sawun agogo?"

Idan na tsayar, to na jawo wa kaina. Zai nuna mini zif a wuyan sarkin yaƙi, da silifas na roba a ƙafar mai mashi, da jarka shuɗiya da aka manta a gindin bishiya. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne takobi a ƙugu. Ya ce mutanenmu a kafaɗa suke rataya takobi da hamila, wanda duk ya ɗaura shi a ƙugu a finafinan wasu ƙasashe ya gani. Masu jiran in tura musu fim sai su yi ta dariya, wasu kuma su ce sun fasa, tunda Baba ya ce ƙarya ce. Sau biyu na yi niyyar kwashe kayana in koma bakin tasha. Na kasa, domin duk masifarsa ina son tsohon nan.

A Sifawa aka haife shi. Uwarsa ta rasu yana goye, kakarsa Nana Hauwa ce ta raine shi. Ita kuwa tana 'yar budurwa lokacin da Nasara suka zo Sakkwato. Mahaifinta yana cikin dakarun da suka fita da ƙafa suka nufi birni, bai dawo ba, kuma ba wanda ya taɓa nuna musu inda ya faɗi. Ta yi tsawon rai har ta ga auren Altine. Tana kaɗi tana ba shi labari, amma ba labarin jarunta ba. Ba ta ga yaƙin ba, tufafi ta gani. Ta san wanda ya fita da taguwa mai faci, da wanda ya aro garkuwar maƙwabci, da irin igiyar da aka ɗaure kwari da ita. Wannan ne gadon da ta bar masa, shi kuma ya riƙe shi da hannu bibbiyu.

Da hannu ya koyi ɗinki, da hannu kuma ya tsufa yana yi. Bai taɓa ɗora ƙafa a kan keken ɗinki ba. Akwai Auwal mai keke a ɗaya gefen rumfarsa, ya sha gori a wurin Baba har ya saba. Da kekuna suka cika gari, aikin da ya rage wa Baba shi ne faci, da huluna, da rigunan tsofaffi irinsa. Sai kuma likkafani. Duk wanda ya rasu a unguwarmu, wurinsa ake kawo farin yadi, kuma yana da yadda yake yi, yadda ya gada. Ba ya sa almakashi, yagawa yake yi. Ba ya kalmashe baki. Ba ya ƙulla zare, a farko ko a ƙarshe. Tsawon mamaci kuwa da karan dawa ake kawo masa, wanda aka auna gawar da shi. Yakan juya ya fuskanci gabas, bakinsa na motsi, har ya gama.

'Ya'ya bakwai Allah ya ba shi, shida sun koma tun suna ƙanana, kuma shi ya ɗinka wa kowannensu. Matarsa ma da ta rasu shi ya ɗinka. Saura Sha'aibu, ƙato dogo mai noman albasa, mai mata da 'ya'ya biyu, mai dariyar da ake ji daga ƙarshen kasuwa. Baba ba ya yabonsa a gaban mutane. Amma na lura idan Sha'aibu ya tafi kai albasa kudu, allurar Baba ba ta gudu sai ranar da ya dawo.

Bazarar bara waccan wani darakta mai suna Ismail ya zo daga Sakkwato. Zai yi fim a kan mutanen wani ƙauye da suka fita tarar rundunar Nasara, yana neman fili mai faɗi wanda ba falwaya ba eriyar waya. Aka turo shi wurina don na san gari. Muna cikin magana sai ya buɗe wata ƙatuwar jaka ya nuna mini kayan da 'yan wasa za su sa. Ban ankara ba na ji huci a bayana.

Baba ya ɗaga wata riga da yatsu biyu. "Wagga mi ta?"

"Rigar mayaƙa ta, Baba," in ji Ismail.

"Shadda? Da aikin keke ga wuya? Ɗiyana, wanga yaƙi za shi ko ɗaurin aure?"

Ya bi kayan ɗaya bayan ɗaya yana yarwa a kan benci. Na sunkuyar da kai don kunya, ina jiran baƙo ya yi fushi. Sai na ga Ismail ya tsuguna a gabansa ya ciro waya yana rubuta abin da yake faɗa. Kafin la'asar ya damƙa masa aikin tufafin fim ɗin gaba ɗaya. Ni na yi wa Baba dalili, kuma a ranar har alfahari na yi da haka.

Wata biyu aka yi ana shiri, ban taɓa ganin Baba cikin farin ciki irin na lokacin ba. Ya sa aka nemo masa wani tsohon masaƙi a can wajen Horo Birni, wanda ya daɗe da jingine aiki, aka lallashe shi ya saƙa farin saƙi. Ya tara tsofaffin teloli uku suka zauna ɗinkin hannu. In an gama taguwa sai a tsoma ta a ruwan toka da jar ƙasa, a rataye a madafa ta sha hayaƙi, don kada mayaƙi ya fito fes kamar ango. Ya je wurin dukawa ya tsaya a kansu har suka yi hamila da kube yadda yake so. Waɗanda za su fito a sojojin Nasara ya ce kaki da jar dara za su sa, ƙafa kuwa ba takalmi, domin haka kakarsa ta ji daga waɗanda suka gan su. Samarin suka ce ƙasa da zafi. Ya ce da ma yaƙi da zafi.

Taguwa ɗaya ya bari sai ƙarshe, ta mai tuta. Shi ne jarumin fim ɗin, wanda zai riƙe tuta har a harbe shi ya faɗi. Wani ɗan wasa daga birni mai suna Abdulaziz ne zai fito a matsayin. Da Ismail ya tambayi abin da ya sa aka jinkirta, sai Baba ya ba shi labarin da ni ma ban taɓa ji ba.

Ya ce kakarsa ta gaya masa, ranar da mahaifinta zai fita, da kansa ya zauna ya ɗinka taguwarsa, ita ta kaɗa zaren. Ta ga bai ƙulla ba, bai kalmashe ba, ta ce masa ya yi mantuwa. Ya ce mata bai manta ba. Wanda ya faɗi a fagen daga ba a yi masa wanka, ba a sake masa tufa, da kayan jikinsa ake binne shi. Saboda haka wanda ya fita ba da niyyar dawowa ba, ɗinkin likkafani yake yi wa rigarsa tun daga gida.

Idon Ismail ya kawo ruwa. Ya ce wannan shi ne fim ɗin. Zai sa kyamara ta matso har a ga bakin taguwar da zaren da ba ƙulli. Baba ya ji daɗi, ya gyara zama.

Ranar kasuwa aka kawo Abdulaziz awo. Auwal ya miƙo tef, Baba ya ture hannunsa, ya ce mutanen da ba su san tef ba. Ya aika aka samo karan dawa dogo. Ya tsayar da Abdulaziz, ya jingina masa karan, ya karya daidai tsawonsa. Abdulaziz yana ta dariya yana ɗaukar kansa hoto. Ɗan birni ne, bai lura ba cewa masu tumatir da ke gefe sun yi tsit, wata tsohuwa ma ta ja mayafi ta kau da kai. A garinmu ba a auna mai rai da kara.

Washegari da hantsi Baba ya fara ɗinkin. Na leƙa na gan shi ya yaga saƙin da hannu, ya juya ya fuskanci gabas, bakinsa na motsi. Ban ce da niyya ya yi ba, jikinsa ne ya saba. Can sai ga Sa'adatu mai fura ta sauke ƙwaryarta ta durƙusa.

"Baba, wa yar rasu? Ban jiya ba."

"Ba kowa," ya ce mata, ko ɗaga kai bai yi ba.

Kafin azahar mutum huɗu suka tsaya yi masa gaisuwa. Na ƙarshe wani malamin allo ne, har ya ɗaga hannu zai yi addu'a. Baba ya kore su duka da faɗa.

Saura kwana biyu a fita ɗauka aka kira Abdulaziz ya gwada. Rana ta take, kwanon rumfa kamar zai narke. Ya zura taguwar, ta zauna masa cif. Ya buɗe baki zai yi barkwancin da ya saba, sai ya fasa. Ya shafa ƙirjinsa.

"Sanyi gare ta," ya ce.

Muka yi dariya, shi bai yi ba. Ya cire ta a hankali ya ninke, ya ce zai je masallaci. Daga masallaci tasha ya wuce. Da yamma ya turo saƙo cewa mahaifiyarsa ba lafiya, daga nan wayarsa ba ta sake shiga ba. Ko gaskiya ya faɗa ko tsoro ya ji, har yau ban sani ba.

Hankalin Ismail ya tashi. An riga an sanar da hukuma da masu gari, an tara mutane, an ɗauko kyamarori, ga taguwa ba mai sawa. Saƙi ya ƙare, balle a ɗinka wata. Ya ce dole a samo wanda tsawonsa ya zo ɗaya da na Abdulaziz. Sai idonsa ya kai kan karan nan da ke jingine a kusurwar rumfa. Ya ɗauka, ya jera samarin da za su fito a mayaƙa yana gwada musu ɗaya bayan ɗaya. Wannan ya gaza, wancan ya zarce. Ana cikin haka Sha'aibu ya iso daga fadama, ya sauke buhun albasa, ya miƙe yana share zufa. Ismail ya zagaya bayansa ya jingina masa karan.

Ko yatsa ɗaya bai ragu ba. Samari suka sa ihu suna tafi. Sha'aibu da ma mayen fim ne, rabin abin da ke kwamfutata ya kalla, sai murna kamar an ba shi kujerar Makka. Na juya na dubi Baba. Yana zaune da allura a hannu, bakinsa a buɗe, yana kallon kan karan da kan ɗansa. A take na gane abin da yake gani.

Bai iya cewa komai a gaban jama'a ba. Me zai ce? Shi ya kawo labarin, shi ya ƙi tef, shi ya shekara yana kiran mutane maƙaryata. Sai da aka watse ya kira ɗansa gefe ya ce ya haƙura da fim ɗin nan. Sha'aibu ya durƙusa cikin ladabi, amma yana danne dariya.

"Baba, riga ka kashe mutum? Kai ka hwaɗa muna kullum ajali na hannun Allah. Kuma na riga na ba mutane baki."

Ya tashi ya tafi gaya wa matarsa. Da na koma rumfata sai Baba ya ƙwanƙwasa kwanon da ke tsakaninmu. Na zagaya.

"Bilya, ka san ni ba ni da camfi."

"Na sani, Baba."

"Riga ba ta kisa. Kaina ya san hakanan. Amma tun da nike, ban taɓa ɗinka irin wagga ba ƙasa ba ta ci ta ba." Ya ɗora hannu a kan taguwar. "Shida na ɗinka ma ɗiyana. Wagga ta bakwai ta, kuma da hannuna na auna ta."

Na ce to ya ƙulla zaren mana, wa zai sani? Ya buɗe mini ɗinkin ya nuna. Ya gutsure kowane zare daf da saƙi, babu abin kamawa. In kuwa za a warware a sake da hannu, aikin kwana uku ne, ga shi jibi da safe za a fita. Na tausaya masa ƙwarai, na kuma ji haushin kaina da na haɗa shi da Ismail tun farko.

Ranar ɗauka na fito da sassafe don mota za ta kwashe mu zuwa wani fako a bayan Dandin Mahe. Tun daga nesa na ji ƙarar keke, amma ba irin ta Auwal ba. Wannan tana tafiya tana tsayawa kamar mai tari. Na leƙa. Auwal yana tsaye ya rungume hannu, Baba Altine kuwa yana zaune a kan kekensa, ƙafa a kan mataki, taguwar mai tuta a ƙarƙashin allura. Zaren da ya tarar a kan keken shuɗi ne na roba, bai ko tsaya a sake ba. Ya bi kowane ɗinki ya take shi, ya kalmashe baki, layin ya karkace ya hau ya sauka. Allura ta soke shi a yatsa, ya tsotse ya ci gaba. Da ya kai ƙarshe ya ja zaren ya ƙulla, ya sake ƙullawa, ya sake, har ƙullin ya yi kamar ƙwayar gero. Auwal da ya sha gori shekara da shekaru bai rama ba, ruwa ma ya kawo masa.

A fako Ismail ya buɗe taguwar ya ga shuɗin zare tun daga wuya har ƙasa. Na zaci zai faɗi.

"Baba, mi kay yi? Wata biyu! Kai kac ce a yi gaskiya, kai kas sa munka zubar da kayanmu!"

"Awo, ni na ce."

"To wanga hwa? Ko makaho ya san aikin keke na!"

"Shi nika so," in ji Baba. "Kowa yag gani shi san ƙarya ta. Ɗiyana guda na, Isma'ila."

Ismail ya yi ta faɗa, ya yi jifa da hularsa, amma rana tana yi, mutum kusan sittin suna tsaye da baka da mashi. Dole ya haƙura da matso da kyamara, ya ce a ɗauka daga nesa.

Zan faɗi gaskiya, da suka jeru tsigar jikina ta tashi. Mutanen da na sani ne, manoman gero da masu albasa, waɗanda nake tura wa waƙoƙi a waya. Amma cikin taguwoyin nan masu launin ƙasa, da takubba a kafaɗa, sai na kasa gane fuskokinsu. Su ma sun daina wasa. Ba wanda ya ce su yi shiru, suka yi. Filin ba iska ko kaɗan, tutar ma a sanƙame take a jikin sandarta.

Aka ba da umarni. Masu jar dara suka durƙusa suka saki ƙarar bindiga, hayaƙi ya tashi. Mayaƙa suka ruga suna faɗuwa. Sha'aibu ya wuce su duka da tuta, kamar yadda aka tsara, ya yi nisa shi kaɗai a tsakiyar fili, sannan ya dafe ƙirji, ya durƙusa, ya kife a gefen dama. Ismail ya bari aka ɗan jima, sannan ya ɗaga murya ya ce an gama.

Matattu suka fara tashi suna kakkaɓe jiki, masu ƙafa ba takalmi suka ruga inuwa. Sha'aibu bai tashi ba. Ismail ya sake kira da lasifika. Wani ya yi wa Sha'aibu tsiya daga nesa, ya ce barci ya kwashe shi. Bai motsa ba.

Baba ne ya fara tafiya. Bai yi gudu ba, bai kira sunansa ba. Na bi shi a baya, kuma ban taɓa yin tafiya mai nisan wannan ba, ko da yake ba ta fi taku ɗari ba. Ina jin numfashin tsohon, ina jin tsakuwa a ƙarƙashin takalminsa. Da muka isa muka tarar da Sha'aibu kwance a kan haƙarƙarin dama, fuskarsa gabas, idonsa a buɗe. Baba ya durƙusa ya taɓa wuyansa.

Sai Sha'aibu ya ƙifta ido.

"An gama?" ya ce. "Ban ji ba."

Muka tashe shi zaune. Jikinsa sanyi ƙalau a cikin wannan rana. Ya waiga dama ya waiga hagu.

"Ina tsohon da ag ga nan?"

"Wane tsoho?" na ce.

"Wanda yak kwanta kusa gare ni. Da na hwaɗi na ishe su da yawa kwance, ban san inda Darakta yas samo su ba. Shi wanga ya kama bakin rigata ya juya, ya duba, ya daɗe shina dubawa. Sannan yac ce mini, kai ba namu ba na, tashi ka tahi gida."

Na dubi fili. Daga inda muke har inda sauran suka faɗi babu kowa, babu sawun kowa sai na Sha'aibu da namu. Kuma a cikin mutanen da Ismail ya tara babu tsoho ko ɗaya.

Baba ya kama taguwar ya zare ta daga jikin Sha'aibu da ƙarfin da ban san yana da shi ba, ya cire babbar rigarsa ya yafa masa. Daga nan ya rungume kan ƙaton nan, uban 'ya'ya biyu, ya fashe da kuka a gaban mutum sittin. Ni ma na yi, ba zan ɓoye ba.

Mai kemis da aka kai Sha'aibu wurinsa ya ce zafin rana ne ya buge shi, kuma mai yiwuwa haka ne. Kwana biyu ya warware ya koma fadama. Fim ya fito, an kalla, an yaba tufafin, an kuma yi dariyar shuɗin zaren, domin duk nisan kyamara sai da ya nuna. Ismail bai sake zuwa Bodinga ba. Ya aiko a karɓo masa kayansa, Baba ya ba da komai, ya hana taguwar mai tuta.

Bayan kamar mako uku na zagaya rumfarsa da hantsi na tarar da ita a kan cinyarsa. Yana bin shuɗin zaren da bakin allura yana tsincewa ɗaya bayan ɗaya, ya tara su a gefe. Ɗinkin hannunsa na asali ya sake fitowa, fari, ba ƙulli. Raina ya ɓaci, na ce masa wannan wace irin fitina ce, ya ƙone ta mana kowa ya huta.

"Ba a ƙona ta," ya ce. "An riga an ɗinka, sai ta samu mai ita. Kuma muddin tsawon Sha'aibu ad da ita, shi za ta nema."

Ya jawo wani sabon kara daga ƙarƙashin tabarma ya miƙo mini. Ya dafa gwiwa ya miƙe tsaye, ya cire hula, ya daidaita ƙafafunsa.

"Auna ni, Bilya. Rage ta za ni yi."

Na ce ba zan iya ba. Ya ce in ban yi ba zai kira Auwal, kuma ya fi son ni. Na jingina masa karan a baya, na karya daidai kansa. Ya karɓa ya gwada a kan taguwar, ya yage abin da ya ƙaru, kusan taƙi guda. Sannan ya zauna, ya juya gabas, ya zura zare a allura.

Tana cikin akwatinsa yanzu, ya kuma gaya wa liman abin da za a yi da ita. Yana nan da ransa, yana faci yana ɗinka huluna, Sha'aibu ma lafiyarsa ƙalau, bana har ya ƙara gona. Ni ne dai na sake. Kowace safiya idan na iso kasuwa, ba na sa makulli a ƙofar rumfata sai na tsaya na kasa kunne, na ji tarin Baba ta bayan kwano.